Rairayi a Bakin Kabureta

Ranar Litinin da hantsi, cikin shekarun nan da kuɗin uraniyum suka sa mutanen Arlit suka manta hanyar garuruwansu, labari ya bazu cewa an kashe jar motar Mushe Hamadi, wato Malam Hamadi a bakin masu Faransanci. Haka aka riƙa faɗa, an kashe ta, kamar ana maganar mutum. Wai wani ne ya ɗura mata rairayi a inji. Kafin azahar jandarmomi sun kama Muktari bakanike, kafin la'asar kuwa gari ya gama yanke masa hukunci a bakin teburan masu shayi.

Motar ba ta da amfani ga kowa. 'Yar Jamus ce, ta girmi 'yancin ƙasar, kujera biyu, ba rufi, injinta a baya, cikinta kusan yana shafar ƙasa, a garin da ba a san kwalta ba. Hamadi ya saye ta ne hannun wani injiniya Bature da ya koma gida. Amma Hamadi shi ke riƙe da ofishin ɗaukar ma'aikata na kamfanin haƙar ma'adini, katin aiki daga hannunsa yake fita, saboda haka duk mai ɗa ko ƙane a layin neman aiki ya ga motar kyakkyawa ce ƙwarai.

Dalilin kama Muktari bai da wuyar ganewa. Hamadi ya yo odar kabureta biyu irin na motocin tsere daga Turai, wato na'urar da ke gauraya mai da iska ta shayar da inji, kuma Muktari, Badamagare mai zafin kai, shi ya yi kwana tara a gidan yana ɗaura su. Shi ne na ƙarshe da ya taɓa injin. Ga shi kuma sau uku Hamadi yana hana ƙanen Muktari katin aiki, har Muktari ya taɓa cewa a gaban jama'a, wata rana sai Hamadi ya taka ƙasa da ƙafa kamar kowa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko akwai bakaniken da zai yi kwana tara a kan aiki sannan ya kashe shi da hannunsa. Tambaya abu ne mai tsada ga wanda ke da ƙane a layi.

Ajidan, shugaban jandarmomin garin, ya aika aka kira Rhissa, Ba'abzine, tsohon sojan raƙumi, mai bin sawu. Shi ake nema in raƙumi ya ɓata, ko Bature mai auna duwatsu ya shiga daji bai dawo ba. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, haƙurinsa kuwa bai ƙaru da su ba. Ajidan bai ɓoye masa komai ba: ya je ya duba ne don takarda ta nuna an bincika, ranar Alhamis kuma kamiyo, wato babbar motar da ke kai fursunoni Agadas, zai tashi da Muktari a ciki.

*

Da Rhissa ya isa gidan Hamadi, a gefen unguwar manyan ma'aikata, sai da ya tsaya a ƙofa ya haɗiye zagin da ya taso masa. Mutum talatin ko fiye sun riga sun zo jaje, sun tattake tsakar gidan kamar kasuwar dabbobi. Inda ba su taka ba kuma an share. Sharar ce ta tsaya masa a rai, don ta fita ta ƙofar baya, ta bi wata 'yar hanya har taku sittin, sai da ta haɗu da babban titin da kamiyoyin ma'adini ke bi.

Ahmudu maigadi, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ce shi kullum yana shara.

"Kullum har titi?" in ji Rhissa.

"Mushe yana son tsabta."

"Har tsabtar hanyar jakuna yake so?"

Ahmudu ya ce shi dai abin da aka sa shi yake yi, Allah ya bayyana gaskiya. Sau goma sha wani abu Rhissa ya ji wannan addu'a a ranar, kuma duk mai yin ta sai ya kau da ido, kamar yana tsoron kada a amsa masa nan take.

A bayan katanga, inda tsintsiya ba ta kai ba, ya samu sawu ɗaya mai magana. Takalmin taya ne, ƙafar hagu tana jan ƙasa, mai shi ya mirgino wani tsohon duro ya hau, ya haura, ya dawo ta nan. Mutum ɗaya ne a Arlit ke jan ƙafar hagu haka: Kalilu, ɗaya bakaniken garin, wanda kowa ya san ya so aikin nan bai samu ba.

*

Kafin ya nemi Kalilu, ya biya ta ɗakin da aka kulle Muktari. Ya same shi zaune a ƙasa, baƙin mai bai ko fita daga faratansa ba. Ba a jima ana magana ba ya manta inda yake, ya shiga bayanin aikin da hannuwa. Kabureta biyu ne, ya ce, ɗaya a kowane gefen inji, kowace da baki biyu masu kallon sama kamar na kakaki. Ɗaura su ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce su yi numfashi tare. Sau uku yana sake ƙera sandar da ta haɗa su da totur. Bayan haka ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kabureta, yana sauraron shaƙar kowane, yana juya noti kaɗan kaɗan, har bakunan huɗu suka zama murya ɗaya. Kuma duk sa'ad da zai tayar da injin, sai ya sa an yayyafa wa tsakar gidan ruwa.

Rhissa ya tambaye shi dalilin ruwan. Muktari ya ce don ƙura ta kwanta ne, saboda abu ɗaya bai zo cikin akwatin ba, matatun iska da ake kifa wa bakunan don su tare ƙura, sai jirgin mako mai zuwa. Shi ya sa da ya gama ranar Asabar ya yaga tsohon shuɗin zanen matarsa Baraka gida huɗu, ya ɗaure kowane baki, ya gaya wa Hamadi kada a tayar da ita sai matatun sun iso. Ba wanda ke wurin da ya faɗa. Hamadi kuwa ya shaida wa jandarmomi ba a gaya masa komai ba, Litinin da safe ya kwance tsummokaran ya tayar da ita a tsakar gida, ta yi tari ta mutu.

"Baba Rhissa," in ji Muktari, "kwana tara kunnena yana bakinta. In zan rama abin da ya yi wa ƙanena, a kansa zan rama, ba a kanta ba."

*

Kalilu, Ba'adare ne daga Tawa, bai ja magana da nisa ba. Da Rhissa ya ambaci duro, ya ajiye abin da ke hannunsa ya amsa. Lahadi da safe ya haura, Ahmudu ya tafi sayen goro.

"Mi zan yi da rairayi, tsoho? Sandar ga na je in gani. Shekara ashirin ina wanga aiki ban taɓa ganin irinta ba. Ɗan banza ya iya, kada dai ka gaya mishi na ce."

Ya rantse bakunan huɗu a ɗaure suke da shuɗin tsumma sa'ad da ya gan su, bai taɓa ba. Sai Rhissa ya tambaye shi inda yake Lahadi da la'asar. Nan fuskar Kalilu ta sauya. Ya ciji leɓe, ya cusa kansa cikin injin wata Landiroba, daga can ciki ya ce barci ya yi, barci mai nauyi. Rhissa ya ga kafaɗunsa suna rawa, ya ɗauka tsoro ne.

Talata duka ta tafi a yawon banza. Ya tambayi masu shayi, ya tambayi masu gadin ƙofar unguwa, ya tambayi matan da ke layin famfo a Bukoki, unguwar bukkokin talakawa, ya tambayi Zainabu mai tuwo wadda ba abin da ke wuce ta. Wa kuka gani kusa da gidan da rairayi? Ba su ga kowa ba. A garin da in mutum ya sake hula labarin ke isa maƙwabcin garin Akokan kafin azahar, yammacin Lahadi ya ɓace ɗungurungum. Wannan ya yi barci, wancan idonsa na ciwo, waccan tana daka. Kowa ya ce Muktari mutumin kirki ne, kowa ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mutanen da suka ratsa hamada don neman aiki, waɗanda ke shiga rami su fasa dutse da nakiya, sun kasa ɗaga harshe ɗaya.

Rhissa ya koma gida yana zargin Kalilu da rabin zuciya, yana zargin Ahmudu da sauran rabin, ya kuma san duka biyun ba su zauna ba.

*

Laraba da safe ya koma gidan, ya sa Ahmudu ya ɗaga murfin injin. Yana durƙushe Hamadi ya fito, matashi mai karatun Faransa, cikin kwat mai gajeren hannu da takalmi mai dunduniya yana ƙyalli.

"Tsoho, ƙasa aka ce ka duba. Ka san inji ne?"

"Ban san inji ba, Mushe. Na san rairayi."

Ya zura ɗan yatsa cikin baki ɗaya, ya shafo, ya murza a tafin hannunsa. Ya yi haka ga sauran ukun. Jan rairayi ne, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, ba tsakuwa ko ɗaya a ciki. Ƙasar gidan nan kuwa, da ta unguwar duka, toka-toka ce mai tsakuwa. Ya leƙa da kyau. Bai ga tarin rairayi a ƙasan maƙogwaron kaburetar ba, yadda abin da aka zuba daga sama ke taruwa. Rairayin ya manne ne a jikin bangon inda mai ya jiƙa, layi layi, duk sun kwanta sun nufi ciki, daidai yadda yake kwantawa a bayan dutse in iska ta wuni tana kaɗawa ta gefe ɗaya. Rhissa ya san hannu in ya dumbuzo ƙasa, da mai laushi da mai tsakuwa yake haɗowa. Iska ce kaɗai ke ɗaukar mai laushi ta bar sauran. Wannan rairayi ba zuba shi aka yi ba, motar ce ta shaƙe shi da kanta, tana raye, a wani wuri mai jar ƙasa.

Ya tambayi Hamadi yaushe rabon motar da fita. Hamadi ya duba agogonsa, ya ce tun da aka fara aikin ba ta taka ƙofa ba.

*

Titin kamiyoyi ya cinye duk abin da tsintsiya ta bari, saboda haka Rhissa ya fita bayan gari ya yi zagaye mai faɗi, yadda ake yi wa raƙumin da ya ratsa garke. Kwana uku ba a yi iska ba, wannan ne kaɗai abin da ya taimake shi tun Litinin. Arewa da Bukoki ya same shi: siririn sawun taya, tazarar da ba ta Landiroba ba, ba ta kamiyo ba, ya miƙe ya nufi wani busasshen kwari mai jan rairayi, kilomita shida daga gari. Mai tuƙin ya ji daɗi a hanya, ya yi ta zana lanƙwasa ba dalili.

A cikin kwarin labarin ya ƙare. Ramuka biyu masu zurfi inda tayoyin baya suka kafe suka yi ta haƙa, suna watsa rairayi sama, daidai kan injin da ke bayansu da bakuna huɗu a buɗe. Mutumin ya yi ta taka totur har abin ya mutu. Ga baƙin mai a ƙasa. Ga sawun takalmi mai dunduniya ya zagaya motar ya fi sau ashirin, ya tura, ya zame, ya zauna. A jikin wata ƙaya kuma ga shuɗin tsumma huɗu, an goge hannu da su an yar.

Sawun dawowa shi ya sa Rhissa ya tsaya ya dafa ƙugu. Tsakanin tayoyin biyu akwai sawun raƙumi, yatsunsa sun nutse gaba irin na dabbar da ke jan nauyi, taya kuma ta bi ta kan wasu ta danne. Ƙafar dama ta baya tana ɗingishi, ga farin gashi ya maƙale a ƙayar gefen hanya. Wani mai kawo ciyawa kasuwa ne, ga ɓurɓushinta a hanya, ya ɗaura igiya ya jawo motar zuwa gari. Mai takalmi mai dunduniya yana tafe a gefe, hannu ɗaya a sitiyari.

Ya bi su har gefen Bukoki. A nan, kan wani tudun da ba hanya ba ne, ba mai hawansa sai da dalili, ya ga abin da ya fi komai ƙona masa rai. Sawaye ne a jere, ƙafa biyu biyu a haɗe, yatsu duk sun fuskanci inda motar ta wuce, ba su motsa ba sai don su ƙara leƙe. Sawun masu kallo. Ya ƙirga arba'in ya daina. Ga silifan mata daga wajen famfo, ga manyan takalman masu gadin ƙofa, ga takalmin taya mai jan ƙafar hagu. Kwana uku yana ƙona tafin ƙafarsa yana neman abin da mutum arba'in suka tsaya suka kalla da la'asar, ido na ganin ido.

*

Alhamis da safe kamiyon Agadas yana tsaye a ƙofar jandarmomi, direba yana ɗaure tanti. Ajidan bai so ba, amma Rhissa ya ce ba zai dangwala yatsa a takarda ba sai an taru a gaban motar. Aka kawo Muktari da ankwa, aka kira Kalilu, Ahmudu yana raɓe da bango, dattawan unguwa da 'yan kallo suka cika tsakar gidan.

Rhissa bai yi dogon jawabi ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya dumbuzo ƙasar gidan ya zuba a gefe ɗaya, ya shafo na cikin kabureta ya sa a ɗaya gefen, ya ce Ajidan ya murza kowanne. Ya bayyana bambancin abin da hannu ke zubawa da abin da iska ke ɗauka. Ya fito da tsummokaran huɗu daga aljihu, Muktari ya ce zanen Baraka ne. Sannan ya faɗi inda ya tsince su, da ramukan, da takalmi mai dunduniya, da abin da ya jawo motar gida.

Hamadi ya ce wannan tatsuniya ce ta mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Takalmi irin nasa ya fi ɗari a kamfanin, tsumma kuma kowa na iya kai shi daji. Ya tambaya, cikin muryar da yake kiran sunaye da ita a ofis, ko akwai mutum ɗaya a nan da ya ga motarsa a waje ranar Lahadi.

Ba wanda ya yi ko tari. Rhissa ya dubi Ahmudu, Ahmudu ya dubi tsintsiyarsa. Ya dubi masu gadin ƙofa, suka dubi sama. Ajidan ya fara ninke takardarsa, ya yi wa jandarman da ke riƙe da Muktari alama da kai.

"Farin raƙumi ne," in ji Rhissa, ba ga kowa ba, don ba abin da ya rage masa. "Gurgu a ƙafar dama ta baya. A gaban tudun Bukoki ya tsaya ya yi fitsari, motar tana jiransa."

Wani sauti ya kuɓuce wa Kalilu ta hanci. Ya toshe baki da hannu biyu, abin ya fi ƙarfinsa, ya durƙushe.

"Wallahi ya daɗe yana yi," ya ce, hawaye na zubo masa. "Mushe na tsaye da sitiyari a hannu, yana cewa da raƙumin ale, ale, wai mu tafi, da Faransanci."

Dariyar da aka danne kwana huɗu ta ɓalle gaba ɗaya. Masu gadi suka dafa juna, Zainabu mai tuwo ta zauna a ƙasa, har Ahmudu ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na girgiza. Ba tausayin Muktari ne ya buɗe bakinsu ba, ba kuma tsoron Allah da suka wuni uku suna ambata ba. Abin dariya ne ya fi ƙarfin cikinsu.

Hamadi ya yi fari fat. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, da an gyara ta yadda ya kamata, da rairayi bai shiga ba.

*

Rhissa ya zaci za a juya ankwar. Ajidan ya ja Hamadi gefe, dattawa biyu suka bi su, aka yi ƙus-ƙus na ɗan lokaci. Da suka dawo, Ajidan ya sanar cewa Mushe Hamadi, saboda girmansa, ya janye ƙara, ya yafe. Ba laifin kowa ba ne, tsautsayi ne. Aka kwance Muktari. Sai babban dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya ce to, ɗana, sai ka matsa ka gode wa Mushe.

"Ya gode masa da me?" in ji Rhissa. "Da kwana uku a kulle? Ku kuma da kuka hau tudu, ina bakinku yake tun Litinin?"

Zainabu ta share ido da gefen mayafi. "Ai Malam Rhissa, wanda ya zuba rairayi ka tambaye mu. Ba mu ga mai zuba rairayi ba."

Muktari yana murza inda ankwa ta ci masa hannu. Rhissa ya zuba masa ido, yana jiran zafin kan nan da gari ya san shi da shi. Muktari ya dubi motar, ya dubi dattawa, ya taka zuwa gaban Hamadi, ya ɗan rusuna, ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma. Jama'a suka ce madalla, aka shafa fatiha, aka fara watsewa ana ta maimaita zancen raƙumi ƙasa ƙasa.

A waje Rhissa ya yi gaba da sauri, bai son ganin kowa. Muktari ya biyo shi da gudu har ya cim masa a bakin titi, daidai lokacin da kamiyon Agadas ke wucewa, fuskoki biyar suna leƙe ta bayan tanti.

"Baba Rhissa, tsaya mana. Ban gode maka ba."

"Ka riga ka kashe godiyarka a ciki."

Muktari ya bi kamiyon da ido har ƙararsa ta yi nisa.

"Kai gobe kana daji," ya ce. "Ni a garin nan zan buɗe garaji da safe. Ƙanena kuma Litinin yana layi."

Rhissa ya kau da kai. Ya ja rawaninsa ya rufe har hanci, ya tsallaka titi.